Ciwon Hanta a Jikin Masu Fama da Kuturta: Tambayoyi da Amsoshi ga Majinyata da Iyalansu a Jihar Kaduna

Kuturta da ciwon hanta cututtuka ne biyu mabambanta, kuma ɗaya ba ta haifar da ɗaya. Sai dai idan suka haɗu a jikin mutum guda, sha'anin magani yakan sauya, domin magungunan kuturta ta hanta suke bi, kuma maganin da ake bayarwa idan jijiyoyi suka kumbura yana iya tayar da ƙwayar ciwon hanta da ta daɗe a kwance ba tare da mai ita ya sani ba. Amsoshin da ke ƙasa an rubuta su ne domin majinyata, da iyalansu, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma ba za su maye gurbin ganin likita ba.

Mene ne ya bambanta waɗannan cututtuka biyu?

Kuturta ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, wadda likitan ƙasar Norway, Gerhard Hansen, ya gano a shekarar 1873. Tana kama fata da jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska, tana bi ta numfashi idan an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara magani ba, kuma takan ɗauki kimanin shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta bayyana. Ciwon hantar da muke magana a kai kuwa ƙwayoyin bairos ne ke kawo shi, kuma nau'i biyar ne: A, B, C, D da E. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, su yi 'yan makonni su wuce, ko da yake E tana da haɗari sosai ga mai juna biyu. Nau'in B da C ta jini suke bi, kuma su ne suke zama a jiki shekara da shekaru suna cin hanta a hankali har ta ƙandare ko ta kamu da daji. Nau'in D ba ya rayuwa sai a jikin mai B. Saboda haka kusan duk abin da zai biyo baya a kan B da C yake.

Da gaske ne masu kuturta sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon hanta?

Wannan tambaya ta girmi yawancin masu yin ta. Baruch Blumberg, masanin Amurka da ya gano alamar ƙwayar B a cikin jini, har aka ba shi kyautar Nobel a 1976, ya ba da rahoto tun a 1967 cewa alamar ta fi yawa a jinin masu nau'in kuturta mai tsanani a tsibirin Cebu na ƙasar Filifin. Daga nan masana suka rabu gida biyu wajen fassara abin da aka gani. Wasu suka ce garkuwar jikin mai kuturta mai yawan ƙwayoyi ba ta iya kakkaɓe bairos ɗin idan ya shiga, don haka sai ya zauna. Wasu kuma suka ce ba kuturtar ba ce, yanayin zaman da aka tilasta wa majinyata ne: an tara su wuri guda shekaru masu yawa, ana yi musu allura da sirinjin da ake dafawa a sake amfani da shi, ana wanke musu gyambo da kayan aiki iri ɗaya. Binciken da aka yi daga baya a ƙasar Brazil ya nuna cewa waɗanda suka zauna a matsugunan masu kuturta sun fi ɗauke da alamun ƙwayar B a kan waɗanda suka yi jinya daga gida, wanda hakan ke ƙarfafa fassara ta biyu, ko da yake bai rushe ta farko ba.

A nan ƙasar tamu, a ganina, wannan muhawara ba ita ce abin damuwa na farko ba. Babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna da alamar C. Ma'ana, ko da kuturta ba ta ƙara haɗari ko kaɗan ba, a cikin kowane mutum goma sha biyu ko sha uku da suka zo karɓar maganin kuturta ana iya samun mai ƙwayar B, kuma yawanci bai sani ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin gwaji.

Ta waɗanne hanyoyi ciwon hanta yake samun mai kuturta a garuruwanmu?

Hanya mafi girma ga nau'in B ita ce wadda ta shafi kowa: daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, ko tsakanin yara a shekarun farko na rayuwa. Bayan ita sai aska da reza da allura. Aski a wurin wanzami da askar da ba a tsabtace ba, ƙaho, tsaga, sakiya, kaciya, cire hakin wuya, yankan farce a bakin kasuwa, allurar da aka yi a ɗakin da ba asibiti ba, ƙarin jinin da ba a tantance ba, da kuma saduwa, duk hanyoyi ne.

Mai kuturta yana da ƙarin ƙofofi biyu. Ta farko, kafin a gane cutar, sau da yawa an riga an kai shi wurare da dama, an tsattsaga tabon da ke jikinsa an shafa magani, ko an yi masa ƙaho a ƙafar da ta mutu. Ta biyu kuwa tana cikin kula da kai na yau da kullum. Wanda ƙafarsa ba ta jin zafi ana koya masa ya jiƙa ta a ruwa kowace rana, ya goge kantar da dutse, ya shafa mai, ya duba ko akwai rauni. Wannan koyarwa ce mai kyau, amma idan mutum uku ko huɗu suka zauna a zaure da baho ɗaya da dutsen guga ɗaya, wani ya goge har jini ya ɗan tsattsafo bai ji ba, ya miƙa wa na kusa da shi wanda shi ma yake da tsagewa a dunduniya, to an buɗe hanya. Ƙwayar B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Kowa ya riƙe bahonsa da dutsensa da rezarsa, kuma mai wanke wa wani gyambo ya sa safar hannu.

Mahaifinmu ya fara maganin kuturta, bayan 'yan makonni idanunsa suka yi ɗorawa. Ciwon hanta ne ko maganin ne?

Ku kai shi asibiti a yau, kada ya ƙara shan maganin sai likita ya duba shi. Da ido ba a iya rabewa, domin shawara a jikin mai shan maganin kuturta tana iya fitowa daga wurare da dama. Tana iya zama ta dafson, farar ƙwayar da ake sha kullum, wadda wasu jikinsu ke ƙin ta cikin makonni biyu zuwa takwas na farko: zazzaɓi, ƙuraje ko saɓar fata, kaluluwa, sannan ɗorawar ido. Wannan yanayi yana iya kisa idan aka ci gaba da sha. Dafson kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare waɗannan ƙwayoyin, ƙarancin da gado ne kuma ya yawaita a tsakanin mazan yankinmu; irin wannan shawarar tana zuwa da kasala da ɗashewar tafin hannu. Tana iya zama ta rifamfisin, wanda ake sha sau ɗaya a wata. Tana iya zama ƙwayar B ce ta motsa, ko A ko E aka sha a ruwa. Ita kanta kuturtar mai yawan ƙwayoyi takan taɓa hanta, musamman lokacin da jiki ya yi bore da ƙulluttai masu zafi da zazzaɓi.

Gwajin jini ne yake warware wannan: na aikin hanta, na yawan jini, da na ƙwayoyin B da C. Idan aka tabbatar dafson ne, akan cire shi a ci gaba da sauran, ko a musanya shi da wani, kuma ba a sake ba mutumin shi har abada. Idan kun je, ku tafi da fakitin maganin da duk wani abin da Baba yake sha, har da jiƙo.

Fitsarina yana yin ja duk ranar da na karɓi maganin wata. Alamar hanta ce?

A'a. Rifamfisin ne yake rina fitsari, wani lokaci har gumi da hawaye, kuma yana washewa cikin yini ɗaya ko biyu. Haka nan duhun da fata ke yi aikin kulofazimin ne, wani daga cikin magungunan kuturtar, kuma yana gushewa sannu a hankali bayan an kammala magani. Fitsarin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne mai launin shayin da ba madara, wanda ya ƙi washewa, ya zo da tashin zuciya, rashin son abinci, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko ɗorawar ido.

An gwada ni an ce ina da nau'in B. In dakatar da maganin kuturta ke nan?

Kada ka dakatar da kanka. Samun ƙwayar B a jini ba ya nufin hanta ta lalace. Mutane da yawa suna ɗauke da ita hantarsu tana aiki daidai, kuma suna kammala maganin kuturta lafiya lau. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi haɗin ƙwayoyi uku ne, rifamfisin da dafson da kulofazimin, na wata shida ga mai tabo ɗaya zuwa biyar, na wata goma sha biyu ga mai yawan ƙwayoyi, kuma kyauta ake bayar da shi. Wanda ya yanke shi saboda tsoron hanta ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago, domin jijiyar da kuturta ta kashe ba ta dawowa, yatsun da suka lanƙwashe kuma sai aikin tiyata.

Abin da ya dace shi ne a auna aikin hanta kafin a fara ko da zarar an gano, a riƙa maimaitawa a watannin farko. Idan sakamakon ya nuna hanta ta riga ta jigata, akwai wasu magungunan kuturta da likita zai iya komawa gare su, irin su ofloksasin da minosaikilin da kilaritromaisin, sai dai tsarin da ba rifamfisin a ciki ya fi tsawo. Wannan hukunci ne na ƙwararre, kuma irin matsalar da ake turawa cibiyar kuturta ta Saye, kusa da Zariya, ko asibitin koyarwa ce.

Me ya sa ake yawan gargaɗi a kan firednisolon, maganin kumburin jijiya?

Domin a nan ne haɗuwar cututtukan biyu ta fi haɗari. Kuturta tana da wani hali na bore: tabo ya kumbura ya yi ja, jijiya ta yi zafi a gwiwar hannu ko bayan gwiwa, hannu ya fara rauni, ko ido ya ƙi rufuwa. Wannan yana iya faruwa kafin magani, ko ana cikinsa, ko bayan an gama. Maganinsa firednisolon ne, ana farawa da yawa a riƙa ragewa tsawon watanni uku zuwa biyar, kuma shi ne yake ceton hannu da ƙafa daga nakasa. Amma aikinsa shi ne danne garkuwar jiki, garkuwar nan kuwa ita ce take riƙe da ƙwayar B. Idan aka danne ta makonni masu yawa sai ƙwayar ta hayayyafa, idan kuma aka janye maganin, garkuwar ta dawo da ƙarfi ta afka wa hantar da ƙwayar ta cika. Shi ya sa shawarar takan bayyana a lokacin rage magani ko bayan an daina, lokacin da kowa yake ganin an tsallake.

Mafita ba ita ce a hana majinyaci firednisolon ba. Mafita ita ce a san matsayinsa tun farko, idan yana da ƙwayar a haɗa masa da maganin da ke danne ta, wato tenofobir ko entekabir, ya ci gaba da sha har wasu watanni bayan an gama firednisolon. Idan jijiya tana cikin haɗari ba a jinkirta magani don jiran sakamako. A ɗebi jinin a ranar, a fara, sakamakon ya tarar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne saye a kemis. Majinyacin da ya taɓa jin daɗin wannan magani, duk ranar da ƙulluttai suka dawo sai ya aiki yaro ya sayo masa, ya sha kwana goma ya bari, wata mai zuwa ya sake. Ga mai ƙwayar B wannan sha da bari ya fi komai muni, ban da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi da yake jawowa.

Ana warkewa daga nau'in C? Za a iya haɗa maganinsa da na kuturta?

Ana warkewa. Magungunan zamani irin su sofosbubir da daklatasbir suna kawar da ƙwayar daga jikin fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu sha, cikin mako goma sha biyu a mafi yawan lokuta. Matsalar ita ce rifamfisin yana rage ƙarfinsu a jiki, don haka ba a son haɗa su. Tun da C cuta ce mai tafiyar hawainiya, likita yakan zaɓi a gama maganin kuturta tukuna, sai fa idan hanta ta yi nisa. Kuma a sani, gwajin farko na C yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai. Sai an yi gwaji na biyu kafin a san ko tana nan.

Wane gwaji za a nema, kuma a ina?

Na farko shi ne HBsAg, wato gwajin alamar nau'in B, da gwajin alamar C. Dukansu ana yi da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin mintuna, kuma ana samunsu a manyan asibitocin gwamnati da ɗakunan gwaji masu rajista. Idan aka samu B sai a auna aikin hanta da yawan ƙwayar a jini, a yi hoton ciki, daga nan a san ko mutum yana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai.

Ta fuskar kuturta, Jihar Kaduna tana da gata, domin Cibiyar Horaswa ta Ƙasa kan Tarin Fuka da Kuturta tana Saye, kusa da Zariya, kuma ƙananan hukumomi suna da jami'an da ke kula da tarin fuka da kuturta. Ta fuskar hanta kuwa akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin Kaduna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce maganin kuturta kyauta ne, amma gwajin hanta da maganinta yawanci aljihun majinyaci ne, kuma gwajin yawan ƙwayar yana da tsada.  Majinyaci ya riƙe katinsa ya nuna wa kowane ɓangare abin da ɗayan ya rubuta, domin mai ba da maganin kuturta da likitan hanta ba lallai su san da juna ba.

Sai mun raba masa kwano da shimfiɗa?

Babu dalili ko ɗaya. Nau'in B da C ba sa bi ta cin abinci tare, ko musabaha, ko buta, ko tabarmar sallah, ko gumi. Mai kuturta kuma da zarar ya fara magani ya daina yaɗa ta, ballantana mafi yawan mutane jikinsu ba ya karɓar kuturta tun asali. Abin da ake rabawa shi ne reza, abin yankan farce, buroshi ko asuwaki. Wanda aka riga aka ƙyamata saboda cuta ɗaya, idan aka ƙara masa wariya saboda ta biyu, abin da yakan biyo baya shi ne ya ɓoye sakamakonsa ya daina zuwa asibiti, kuma iyalin ne suke asara, domin su ne ya kamata a gwada a yi musu rigakafi.

Batun aure ma haka yake. Idan gwajin kafin aure ya nuna ɗaya yana da B, a gwada ɗayan, idan ba shi da ita a yi masa rigakafi ya kammala kafin tarewa.

Ina da juna biyu, ina shan maganin kuturta, kuma an ce ina da B. Yaya makomar jaririna?

Ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da maganin kuturta, domin ba ya cutar da ciki, sai dai jaririn yana iya fitowa da ɗan duhun fata wanda zai washe. Abu mafi muhimmanci shi ne a yi masa allurar rigakafin B cikin awa 24 da haihuwa, sannan ya samu sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma ƙwayar takan zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu ba kasafai take zama ba. Saboda haka ko a gida kika haihu, kada a jira suna ko arba'in. A kai shi a ranar. Idan gwaji ya nuna ƙwayar tana da yawa a jininki, likita zai ba ki tenofobir kafin haihuwa. Shayarwa kuma ba a hana ki ba.

Mai kuturta zai iya karɓar rigakafin B?

Zai iya, idan gwaji ya nuna ba ya ɗauke da ita. Allura uku ce ga babba: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin na yara ne a 2004, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Nau'in C ba shi da rigakafi.

Akwai laifi idan aka haɗa da maganin gargajiya na shawara?

Akwai. Duk abin da aka sha hanta ce take tace shi, kuma hantar da ke ɗauke da ƙwaya tana kuma tace magunguna uku ba ta buƙatar ƙarin sassaƙe da jiƙon da ba a san adadinsu ba. Yawancin shawarar A da E da kanta take wucewa, shi ya sa jiƙo yake samun yabon da ba nasa ba. A guji giya baki ɗaya, kada a wuce ƙa'ida a shan farasitamol, kuma a kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, domin gubar da ke cikinsu idan ta haɗu da ƙwayar B tana ninka haɗarin dajin hanta. Ba a hana mai ciwon hanta nama ko mai daidai misali ba, kuma mai gyambo yana buƙatar abinci mai gina jiki domin raunin ya warke.

Na gama maganin kuturta shekaru da yawa da suka wuce. Wannan batu ya shafe ni?

Ya shafe ka, Malam, musamman idan ka taɓa zama a matsugunin majinyata a zamanin da ake maimaita allura, ko an taɓa yi maka tiyata ko ƙarin jini, ko ka sha firednisolon na dogon lokaci. Kuturtar ta warke, amma B da C suna iya shafe shekara ashirin ko talatin ba alama, sai ciki ya kumbura ko a yi aman jini. Ka yi gwajin sau ɗaya. Idan babu komai ka nemi rigakafi. Idan an samu B, likita zai tsara maka dubawa lokaci zuwa lokaci, wanda ga mai haɗarin dajin hanta yakan zama gwajin jini da hoton ciki duk wata shida, sannan a gwada matarka da 'ya'yanka da 'yan'uwan da kuka fito ciki ɗaya.